Mantuwar da ake ɗauka kunnen ƙashi ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wata larura da ba kasafai ake ambatonta ba, ko da a shafukan da aka keɓe wa kiwon lafiya. Idan aka tashi zancen lafiyar ƙwaƙwalwa, hankalin marubuta yakan tafi ne ga abin da ido ke gani, wato mutumin da ke surutu shi kaɗai ko wanda ya fita hayyacinsa, sai a bar waɗanda larurarsu ba ta da hayaniya suna ta shan zargi a gida da makaranta da wurin aiki. Daga cikin waɗannan akwai masu larurar ɗabi'a da likitoci ke kira sikizotaifal, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɓangare guda na wahalarsu, wato wuyar da suke sha wajen ɗaukar magana, da riƙe ta, da tuno ta a lokacin da ake bukatarta.

Ina da ƙane wanda likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar yana da wannan larura bayan ya haura shekara 30. Kafin nan mun shafe shekaru muna yi masa kallon mai kunnen ƙashi. Za a aike shi da saƙo huɗu, ya isar da biyu, sauran biyun kuma ya rantse ba a faɗa masa ba. Ya taɓa rasa aiki mai kyau saboda shugabansa yakan tsaya a bakin ƙofa da safe ya zayyano ayyukan yini gaba ɗaya da baki, cikin sauri, sannan ya juya ya tafi, kuma kafin azahar ƙanena ya gama na farko da na ƙarshe ya bar na tsakiya. Abin da ya ƙara ɗaure mana kai shi ne, wannan mutum idan ya ga an kwance na'ura an mayar a gabansa, gobe zai iya yi da kansa, ga shi kuma da son karatu. Saboda haka babu wanda ya yarda cewa gazawa ce, kowa cewa yake yi ganganci ne. Ni kaina na sha ce masa da ya so da ya tuna, kuma har yau wannan magana tana damuna, domin na faɗe ta ne ga mutumin da yake iyakar ƙoƙarinsa.

Ya kamata in ɗan bayyana larurar ga wanda bai taɓa jin sunanta ba. Ta samu suna a hukumance ne a 1980, lokacin da Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar da bugu na uku na kundinta na tantance cututtuka da ake kira DSM. Asalin tunanin ya girmi haka. Tun a 1953 likitan ƙwaƙwalwa Sandor Rado ya ƙirƙiro kalmar da sunan ya samo tushe daga gare ta, a 1962 kuma masanin halayyar ɗan Adam Paul Meehl ya faɗaɗa ra'ayin cewa akwai mutanen da suka gaji wani rauni mai alaƙa da cutar sikizofireniya, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani da kan sa mutum jin muryoyi ko gaskata abin da babu shi, amma akasarinsu ba za su taɓa kamuwa da ita ba. Binciken da Seymour Kety da abokan aikinsa suka yi a Denmak, wanda aka fara wallafawa a 1968, ya bi sawun mutanen da aka raine su a hannun waɗanda ba su haife su ba, ya kuma gano cewa irin waɗannan ɗabi'u sun fi yawa a cikin dangin jini na masu sikizofireniya. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take jera larurar a rukuni ɗaya da sikizofireniya a nata kundin, yayin da kundin Amurka ke lissafa ta cikin larurorin ɗabi'a. Game da yawanta, alƙaluman da bugu na biyar na DSM ya kawo a 2013 sun tashi daga kashi 0.6 cikin 100 a Norwe zuwa kashi 4.6 cikin 100 a wani bincike na Amurka. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, mutane ne masu ɗimbin yawa.

Alamomin da kundin DSM ya lissafa tara ne, kuma sai mutum ya cika biyar, sun kuma daɗe tare da shi tun farkon girmansa, kafin a ce yana da larurar. Akwai jin cewa abubuwan da ke faruwa a kusa da shi saboda shi ake yin su, da imani da abubuwan ban mamaki waɗanda al'ummarsa ba ta yi tarayya da shi a kansu ba, da yawan zargin mutane, da magana mai kewaye-kewaye wadda mai sauraro ke rasa inda ta dosa, da rashin aminai in ban da dangi na kusa, da fargabar shiga mutane wadda sabo ba ya rage ta. Abin lura a nan, Malam Edita, shi ne matsalar riƙe magana ba ta cikin waɗannan tara. Likita zai iya tantance mutum daidai bisa ƙa'ida ba tare da ya taɓa tambayar yadda yake fama da umarnin baki ko darasin aji ba, dangi kuma su koma gida da sunan larura a takarda alhali abin da ke haddasa rigima kullum a tsakaninsu ba a taɓo shi ba. Haka ta faru da mu.

To, me masu bincike suka gani? Akwai wani gwaji da Dean Delis da abokan aikinsa suka fitar a 1987, wanda aka fi sani da gwajin koyon kalmomi na Kalifoniya. Mai gwaji yakan karanta wa mutum kalmomi 16, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce ya maimaita duk waɗanda ya tuna, ta kowane jeri ya ga dama. Ana yin haka sau biyar da kalmomin nan dai. Daga nan a kawo wani jerin dabam domin a ɗan rikita shi, a sake tambayarsa na farkon, sannan bayan kamar minti 20 a ƙara tambaya, a ƙarshe kuma a karanto masa dogon jeri ya riƙa nuna waɗanda ya ji ɗazu. Dabarar da ke ɓoye a cikin gwajin ita ce, kalmomin nan 16 sun fito ne daga gida huɗu, kowane gida da kalma huɗu, misali kayan aiki da tufafi, amma an cakuɗa su, kuma ba a gaya wa mutum haka. Yawancin mutane kafin zagaye na biyu ko na uku sukan farga da kansu, sai ka ji sun fara kawo kalmomin dangi-dangi, su gama da tufafi sannan su koma kayan aiki. Wanda ya yi haka ya rage wa kansa kaya, domin abu huɗu yake ɗauke da su a maimakon 16, kuma kowace kalma tana janyo 'yar'uwarta. Wannan ɗabi'a ta ƙwaƙwalwar ɗan Adam an daɗe da saninta, tun binciken Weston Bousfield na 1953.

Da Martina Voglmaier da abokan aikinta na Jami'ar Harvard suka yi wa masu larurar sikizotaifal gwaje-gwaje iri-iri, sakamakon da suka wallafa a 1997 ya nuna cewa rauninsu ya fi fitowa fili a wannan gwajin kalmomi, da kuma wani gwajin kati da ke bukatar mutum ya gano ƙa'idar da ake raba abubuwa rukuni-rukuni da ita, ya kuma sauya idan ƙa'idar ta sauya. Duka biyun aiki ɗaya suke nema daga ƙwaƙwalwa, wato ta tsara abin da ke shigowa. A 1998 Andrea Bergman da rukunin Larry Siever na makarantar likitanci ta Mount Sinai suka kwatanta masu wannan larura da masu wasu larurorin ɗabi'a na dabam, suka tarar masu sikizotaifal ba sa ƙaruwa da maimaici kamar sauran, wato daga zagaye na ɗaya zuwa na biyar adadin kalmomin da suke kamawa yana hawa a hankali. Wannan kwatanci yana da muhimmanci a wurina, domin ya nuna cewa abin bai tsaya ga kasancewar mutum mai damuwa ko mai wahalar sha'ani ba, tun da waɗanda aka kwatanta su da su ma suna da nasu matsalolin. Masu binciken sun bayyana raunin da cewa irin na sikizofireniya ne, sai dai bai kai shi tsanani ba. A 2000 kuma rukunin Voglmaier ya sake nuna cewa, ko da yake akwai ɗan koma-baya a yawancin gwaje-gwajen, waɗanda suka shafi kalmomi sun fi waɗanda suka shafi zane da siffofi taɓuwa.

Dole in faɗi gaskiya cewa waɗannan bincike an yi su ne da mutane kaɗan, 'yan gomomi ko ƙasa da haka a kowane ɗaya, kuma abin da suke nunawa matsakaicin rukuni ne. Akwai mai larurar da haddarsa ta fi ta yawancinmu, akwai kuma wanda abin ya yi masa nauyi sosai. Amma da yake rukunoni dabam-dabam sun yi ta cin karo da abu guda, ya wuce a ce dace ne.

Ga inda gizo ke saƙa. Abin da muke kira tunawa aiki uku ne a haɗe: ɗaukar magana a lokacin da ake yin ta, ajiye ta, da ciro ta daga baya. Mu da ke gefe sakamakon ƙarshe kawai muke gani, sai mu ce ya manta, kamar dai abin ya shiga ne sannan ya zube. A 2003 Michael Cirillo da Larry Seidman sun yi bitar bincike sama da 100 a kan tunawa da kalmomi a cutar sikizofireniya, suka kammala cewa mafi girman matsalar tana matakin ɗauka ne, saurin zubewar abin da aka riga aka koya kuwa kaɗan ne. Abin da aka gani a masu sikizotaifal, wato jinkirin koyo daga zagaye zuwa zagaye, ya tafi a kan wannan hanya. Idan na kwatanta, kamar ɗakin ajiya ne wanda rufinsa ba ya yoyo kuma ƙofarsa na da makulli, amma mai karɓar kaya yana jibge su yadda suka zo, babu kanta babu lakabi. Wasu kayan tun a bakin ƙofa suke faɗuwa saboda sun zo da yawa a lokaci guda, waɗanda suka shiga kuma nemo su sai an sha wuya. Saboda haka lokacin da ƙanena yake rantsuwa ba a faɗa masa ba, gaskiyar abin da ke kansa yake faɗi, domin saƙon bai taɓa zama a ciki ba balle ya ɓace.

Akwai kuma abin da zan kira ƙwaƙwalwar riƙon ƙwarya, wadda Alan Baddeley da Graham Hitch suka fayyace tsarinta a 1974. Ita ce ke riƙe farkon jimla har mai magana ya kai ƙarshenta, ita ce ke riƙe lambar waya na 'yan daƙiƙu kafin a rubuta. Tana da ƙaramin ciki ga kowa da kowa. A wani bincike da Vivian Mitropoulou da abokan aikinta suka wallafa a 2005, masu sikizotaifal sun yi rauni a gwaje-gwajen wannan ƙwaƙwalwa da na tuno abin da aka koya, alhali a ma'aunin basira gaba ɗaya ba su bambanta da sauran mutane ba. Ɗaya daga gwaje-gwajen shi ne a riƙa jefo wa mutum lambobi ta kunne ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana haɗa kowace sabuwa da wadda ta gabace ta, kuma masu binciken sun ga cewa raunin da ke wannan aiki ya bayyana mafi yawan raunin da ke sauran. Duk wanda ya taɓa sauraron dogon bayani daga mai saurin baki ya san wannan hali, kana cikin juya jimlar farko ta uku ta wuce. Bambancin shi ne mu jefi-jefi yake samunmu, su kuwa kusan kullum ne, a hirar da mu muke ganin mai sauƙi ce.

Hotunan ƙwaƙwalwa ma sun ba da tasu shaidar. A 1999 Chandlee Dickey da abokan aikinta a Harvard sun ruwaito cewa wani yanki na ƙwaƙwalwa da ke saitin kunnen hagu, wanda ke da hannu wajen sarrafa sauti da harshe, ya ɗan fi ƙanƙanta a maza masu wannan larura. Larry Siever da Kenneth Davis kuma, a wata maƙala ta 2004, sun kawo ra'ayin cewa masu sikizotaifal sun yi tarayya da masu sikizofireniya a raunin wannan yanki na gefen kai, amma gaban ƙwaƙwalwarsu ya fi tsira, wanda mai yiwuwa shi ne ke kare su daga cikakkiyar cutar. Ban kawo wannan don a ruga neman hoton ƙwaƙwalwa ba, domin ba a tantance larurar da hoto. Na kawo shi ne saboda mai cewa lalaci ne ko raini ya san cewa abin yana da tushe a jiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda wannan rauni ke haɗuwa da sauran alamomin larurar su riƙa ciyar da juna. Mutum ne da ma mai fargabar jama'a, yana tsaye gaban malami ko shugaba rabin hankalinsa yana kan kallon da ake yi masa da abin da yake zaton ana nufi da shi, ɗan wurin da ya rage a ƙwaƙwalwar riƙon ƙwarya bai isa ɗaukar umarnin ba. Gobe a ce masa an faɗa maka jiya, shi kuma ya duba kansa bai ga alamar maganar ba. Mai saurin zargi da aka yi wa haka sau goma, wace fassara zai yi in ba cewa an haɗa masa baki ana so a kunyata shi ba? Daga nan sai ya ƙara janyewa, ya daina tambaya don kada a ce ya cika tambaya, kuskurensa ya ƙaru, zargin mutane a kansa ya ƙaru, nasa zargin a kansu ya samu hujja. Na ga wannan da idona shekara da shekaru, kuma mu da muke ƙaunarsa muna cikin masu hura wutar ba tare da mun sani ba.

Ya kamata a raba wannan da wasu abubuwa masu kama da shi. Cutar mantuwa ta tsufa, irin su Alzheimer, tana zuwa ne daga baya a rayuwa, tana ƙaruwa shekara bayan shekara, kuma abin da aka koya yana zubewa da sauri har mutum ya kasa gane shi ko an nuna masa. Raunin da nake magana a kansa yana tare da mutum tun ƙuruciya ko samartaka, kuma matsakaici ne. Idan aka ga mantuwa ta faɗo wa mutum farat ɗaya, ko tana ta'azzara cikin watanni, wannan wani al'amari ne dabam da ke bukatar ganin likita ba tare da jinkiri ba. Haka nan yawan mantuwa shi kaɗai ba ya nufin mutum yana da sikizotaifal, kuma ina roƙon mai karatu kada ya ɗauki wasiƙar jarida ya liƙa wa maƙwabcinsa ko matarsa suna.

Akwai abubuwan da ke ƙara wa raunin nauyi waɗanda ana iya magance su, kuma a ganina nan ya kamata likita da dangi su fara dubawa. Ciwon baƙin ciki mai tsanani yana yawan tafiya tare da wannan larura, har kundin DSM ya ce fiye da rabin masu ita sun taɓa fama da shi aƙalla sau ɗaya, shi kuwa da kansa yana dagula natsuwa da hadda. Rashin barci ma haka. Tabar wiwi tana raunana koyon kalmomi ko ga mai lafiya, ga mai wannan larura kuma haɗarinta ya wuce nan: wani bincike da aka yi da bayanan asibitocin Denmak, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka tantance da larurar sun koma masu sikizofireniya cikin shekara 20, adadin kuma ya haura rabi a cikin masu matsalar shan wiwi. Sannan wasu magungunan asibiti su ma suna taɓa hadda, musamman masu sa barci da kwantar da hankali irin su diyazefam, da waɗanda ake bayarwa don hana sanƙarewar jiki da karkarwa irin su benzhekzol. Ba ina cewa kowa ya ajiye maganinsa ba, hakan na da haɗari. Ina cewa ne mara lafiya da danginsa suna da haƙƙin su tambayi likita ko wani daga cikin magungunan yana ƙara mantuwar, ko kuma akwai madadinsa.

Game da maganin raunin kansa, an gwada wasu magunguna a ƙananan bincike. Margaret McClure da abokan aikinta sun gwada guwanfasin a 2007 da fergolaid a 2010, suka ga ɗan ci gaba a wasu gwaje-gwajen tunani, amma waɗannan ba su zama maganin yau da kullum ba, kuma babu wani magani da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi musamman domin wannan larura. Saboda haka mafi yawan abin da za a iya yi a yau yana hannun masu magana da mutumin ne.

A nan nake ganin albishir, domin idan matsalar ta tsari ce a lokacin ɗauka, to mai magana zai iya yin tsarin a madadin mai sauraro. Abin da muka koya a gidanmu, bayan ɓata lokaci mai yawa, shi ne a fara da faɗin adadi da rukuni kafin a shiga bayani. A maimakon a jero abu shida a numfashi ɗaya, sai a ce abu biyu ne, na farko ya shafi takardu na biyu ya shafi waya, a gama da na takardu, a tsaya, sannan a shiga na waya. Daidai abin da gwajin Kalifoniya ke jira ƙwaƙwalwa ta yi da kanta ke nan, mu kuma muka yi mata. Sai a rage sauri, a kashe rediyo ko a fita daga hayaniya, a kuma bar shi ya rubuta ba tare da an nuna gajiya da jiransa ba. Duk abin da za a iya nunawa da hannu ko a zana, a nuna, tun da gani ya kori ji, kuma binciken 2000 da na ambata ya nuna ɓangaren kalmomi ne ya fi rauni. Saƙon waya a rubuce ya fi kira, domin rubutu yana jiran mai karatu, ana kuma iya komawa gare shi idan gardama ta taso ba tare da wani ya ƙaryata wani ba. Wannan na ƙarshe ya kashe rigingimu da yawa a tsakaninmu.

Ga ɗalibi mai wannan larura, maimaita karatu sau da yawa a zama ɗaya ba ya biyan wahalarsa, tun da maimaici tsagwaronsa shi ne inda aka ga ba ya ƙaruwa sosai. Abin da ya fi shi ne ya raba darasin gida-gida da kansa, ya ba kowane gida suna, ya faɗi ma'anar da kalmominsa, sannan ya rufe littafin ya gwada tunowa. Fergus Craik da Robert Lockhart sun bayyana tun 1972 cewa abin da aka juya ma'anarsa ya fi zama a kai fiye da abin da aka bi lafazinsa kawai, rarraba bita a kan kwanaki kuwa an san fa'idarsa tun aikin Hermann Ebbinghaus na 1885. Waɗannan dabaru suna amfanar kowa, sai dai yawancin ɗalibai suna iya wucewa ko ba su yi su ba, shi kuwa wannan ɗalibi a kansu cin jarrabawarsa ya rataya, kuma ba lallai ne ya gano su da kansa ba sai an koya masa a fili.

Ina da magana ta musamman ga likitoci da masu ba da shawara. Kusan duk abin da ake yi a ɗakin ganin likita magana ce: yadda za a sha magani, ranar dawowa, alamomin da za a kula da su, shawarwarin da za a gwada a gida. Idan mara lafiyar yana da raunin ɗaukar magana, ga kuma fargabar zama gaban baƙo, to zai gyaɗa kai ya fita da kaɗan daga abin da aka faɗa, a zama na gaba kuma a rubuta a fayil ɗinsa cewa ba ya bin umarni. Tambayar ka gane ba ta da amfani a nan, domin amsarta i ce a kowane hali. Abin da ke aiki shi ne likita ya ce, domin in tabbatar na yi bayani yadda ya kamata, faɗa mini yadda za ka sha wannan magani idan ka koma gida. Da haka nauyin kuskure ya koma kan mai bayani, mara lafiya mai saurin zargi kuma ba zai ji ana yi masa jarrabawa ba. A ƙara da 'yar takarda mai layi uku ko huɗu. Minti biyu ne, kuma ya fi sauƙi a kan sake kwantar da mutum saboda ya rikita magani.

Na san akwai masu cewa wannan shagwaɓawa ce, duniya ba za ta riƙa tsara wa mutum magana ba, gara ya saba da wuya. Na ji wannan daga bakin dangi, kuma na fahimci tsoron da ke bayansa, wato kada mutum ya zama mai dogaro da wasu. Amsata ita ce mun gwada tsanantawa shekaru masu yawa, abin da ta haifar kuwa shi ne ƙarin shiru da ƙarin zargi, haddarsa kuma ba ta ƙaru da kalma ɗaya ba. Da muka sauya salo, shi da kansa ya fara ɗaukar ɗan littafi a aljihu, ya koyi cewa mai magana ya dakata ya rubuta, ya kuma koyi tambayar abu nawa ne kafin a fara jero masa. Wanda yake yin haka dogaronsa da mutane raguwa yake yi. Larurar tana nan, har yanzu ba ya son taro kuma har yanzu yakan yi zaton abin da babu, amma ya riƙe aikin da yake yi yanzu fiye da duk wanda ya taɓa riƙewa, a ƙarƙashin shugabar da ta yarda ta riƙa turo masa ayyukan yini a rubuce.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan shafinku na lafiya zai sake taɓo larurorin ƙwaƙwalwa, a gayyato likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam da ke yin irin waɗannan gwaje-gwaje, ya yi wa masu karatu bayani da Hausa a kan yadda ake auna hadda da natsuwa, da wanda ya kamata a kai a auna, da abin da malami ko shugaban ma'aikata zai yi da sakamakon. Ina kuma roƙon wakilanku su guji tattara duk waɗannan larurori a ƙarƙashin kalmar hauka, domin mai sikizotaifal da ya ga an kira shi da wannan suna a jarida ba zai kai kansa asibiti ba, danginsa ma ba za su kai shi ba. Idan an samu wanda zai yi bayanin, a shirye nake in aiko da tambayoyin da muka rasa mai amsa mana su a shekarun farko, domin a gabatar masa.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu, yayan mai fama da larurar